Masu Buga Kundi da Ɗaure Shi

Malamin makarantar da ke zaune a Darna Sabon Gari, in ya ƙudurta yin digiri na biyu, to ya shirya sabawa da direbobin tashar Illela. Zai riƙa bi ta Gwadabawa da Kware, tafiyar sama da kilomita 80, kafin ya kai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sauya mata suna a 1988. Shekarar farko ta shiga aji ce da jarrabawa, daga nan sai kundi. Tun daga ranar da sashe ya amince da taken bincikensa har ranar da zai miƙa kwafin ƙarshe, zai fi zama a benci a shagon mai buga takardu fiye da ofishin malamin da ke duba aikinsa.

Shagunan nan suna nan a bakin kowace babbar makaranta a Sakkwato, daga mazaunin jami'ar na Dundaye da na cikin gari zuwa Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Jarin bai wuce kwamfuta ɗaya ko biyu ba, da firinta, da injin fotokwafi na hannu, da injin huda takarda, da janareta ko sola. Yaro kan fara da ɗaukar fotokwafi da jera shafuka. In hannunsa ya faɗa, a zaunar da shi gaban kwamfuta. Ɗaurin bango mai tauri shi ne ƙarshen koyo, kuma ba kowane shago ke yinsa ba. Da yawa karɓa suke su kai wa gwanin da ke da matsi da injin yanka, su ɗora ribarsu.

Kasuwar mai shago tana bin matakan da ɗalibi ke takawa. Da farko ɗalibi ya kawo shawarar bincike, 'yan shafuka ne da za a haɗa da zoben roba, ya je ya kare a gaban malaman sashe. Sai babi-babi su fara zuwa: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, nazarin abin da aka tattaro, sannan kammalawa. Kowane babi ya je wurin malami, ya dawo da jan biro, a gyara, a sake bugawa. Bayan an kare aikin a cikin gida, sai a aika wa mai jarrabawa na waje, malami daga wata jami'a, wanda zai zo ya titsiye ɗalibi da tambayoyi. Duk wannan da ɗaurin wucin gadi ake yi. Ɗalibin da zumuɗi ya ɗebe shi ya ce a yi masa bango mai tauri kafin zuwan na waje, mai shagon kirki zai ce masa, "Malam, dakata tukuna." Ya sha ganin yadda gyara guda ke tura lambobin shafi gaba, ƙumshiya ta rikice, kuɗin ɗauri ya tafi a banza.

Ƙwarewar ta fi bayyana a ƙananan abubuwa. Makarantar karatun gaba da digirin farko tana da ƙa'idar girman harafi, da tazarar layi, da faɗin gefen hagu wanda ɗauri zai ci. Shafukan farko, na tabbatarwa da sadaukarwa da godiya da tsakure, lambobin Rumawa suke ɗauka, sauran kuma lambobin da aka saba. Masu buga kundin Sashen Harsunan Najeriya suna da tasu wahalar, wato haruffa masu ƙugiya. A zamanin tafireta, da biro ake bi ana lanƙwasa kan b da d da k. Da kwamfuta ta zo, samfurin haruffa na Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira ya kawo sauƙi, sai dai in an buɗe aikin a kwamfutar da ba ta da shi, "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Mai shagon da bai san wannan ba yana iya buga shafi 150 kafin ya lura, tona da takarda sun tafi.

Ranar ɗauri, bayan an tabbatar an yi gyaran na waje, aikin hannu ne zalla. A jera shafuka, a bubbuga su daidaita, a danne a matsi, a huda, a ɗinke, a shafa gam a ƙeya, a datse gefe. A yanka kwali mai kauri, a lulluɓe shi da launin da jami'a ta tanada wa wannan digiri. Sai a jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, a gasa su, a danna kan takardar ruwan zinare, take da suna da shekara su fito. Harafi ɗaya ya kuskure a sunan ɗalibi, bangon ya mutu. Sakkwato ta san irin wannan aiki tun kafin boko. Littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello da hannu aka riƙa kwafarsu, dukawa na yi musu tadarishi da gafaka da fatar jar akuya. Mai kwafa na wancan zamani da mai buga na yau amana ɗaya suka ɗauka: kada su ƙara, kada su rage.

A nan ne sana'ar ke da tabo. Akwai shagunan da ke adana tsofaffin kundaye a kwamfuta suna sayar wa malalata, a sauya suna da gari kawai. Jami'o'i da dama sun koma tace aiki da manhajoji irin su Turnitin, amma tambayar mai jarrabawa ta fi saurin tona asiri, domin wanda bai rubuta ba ba ya iya karewa. Masu riƙe mutuncin sana'ar sun tsaya a bugawa da tsarawa da ɗaurewa.

Ribar kuwa ta damina ce. Ƙarshen zangon karatu a kwana a shago, ɗalibai na cewa gobe za su miƙa, mai shago na tuna musu ba a fafe gora ranar tafiya. In makaranta ta rufe, sai zaman jira. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas ya bar injuna a lulluɓe. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa tayar da janareta ya zama abin lissafi. Ga shi ɗalibai da yawa yanzu da kansu suke bugawa, su turo ta WhatsApp daga Illela, sai tsarawa da fitarwa da ɗauri suka rage wa shago.

Da kundi ya bushe, ɗalibi ya ɗauki kwafinsa ya bi masu sa hannu: mai duba aiki, shugaban sashe, shugaban makarantar karatun gaba da digiri. Ya rarraba kwafi, har da na Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo, ya zaga ofisoshi a tabbatar ba a binsa kuɗi ko littafi, sannan ya jira majalisar malaman jami'a ta amince da sakamako. Aski ya zo gaban goshi ke nan. Daga bisani a ba shi takardar sakamako, a kira shi bikin yaye ɗalibai.

Nasa kwafin zai koma Darna Sabon Gari, a ajiye shi saman kabad inda baƙi za su gani. A shagon kuwa, bangon nan da aka kuskure harafi a kansa ba a yar da shi ba. Yana kan kanta ya yi ƙura, shi ake miƙa wa sabon ɗalibi in ya tambayi yadda nasa zai fito.