Idan Tarayyar Turai ta wargaje, yaƙi zai dawo nahiyar?

A watan Mayun 2021, watanni kaɗan bayan Birtaniya ta gama raba gari da Tarayyar Turai, gomman jiragen masunta 'yan Faransa suka yi wa tashar ruwan tsibirin Jersey tsinke. Tsibirin yana ƙarƙashin masarautar Birtaniya, amma ya fi kusa da gaɓar Faransa. Masuntan sun fusata ne saboda sababbin ƙa'idojin lasisin kamun kifi da suka biyo bayan ficewar.

Wata ministar Faransa ta yi barazanar katse wutar lantarkin da ƙasarta ke bai wa tsibirin. Birtaniya ta tura jiragen sojan ruwa biyu, Faransa ma ta tura nata jiragen sintiri biyu. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, kuma masuntan sun koma gida a ranar. Amma ƙasashe biyu masu makaman nukiliya, waɗanda suka shafe shekara 47 a ƙungiya ɗaya, sun kai ga nuna wa juna ƙwanji a kan kifi.

Wannan ƙaramar taƙaddama ta taɓo wata babbar tambaya da ake yawan tayarwa a Turai, musamman yanzu da jam'iyyu masu adawa da hedikwatar tarayyar da ke Brussels ke ƙara samun ƙuri'u a Faransa da Jamus da Holan: idan tarayyar mai ƙasashe 27 da mutane kusan miliyan 450 ta watse, zaman lafiyar da ke tsakanin ƙasashen zai ɗore?

Tun asali don hana yaƙi aka kafa ta

Faransa da Jamus sun gwabza sau uku cikin shekara 70: a 1870 da 1914 da kuma 1939. Yankin Alsace da ke kan iyakarsu ya sauya hannu sau huɗu a tsakanin 1871 da 1945, ta yadda akwai tsofaffin da suka ga an sauya musu ƙasa sau huɗu ba tare da sun bar ƙauyensu ba.

A ranar 9 ga Mayun 1950 ministan harkokin wajen Faransa, Robert Schuman, ya kawo shawarar a haɗa kwal da ƙarafan ƙasashen biyu a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Dabarar a fili take: da kwal da ƙarfe ake ƙera tankoki da bindigogi, don haka idan babu ƙasar da ke riƙe da su ita kaɗai, babu wadda za ta iya shirin yaƙi a ɓoye. A 1951 ƙasashe shida suka sa hannu, wato Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya da Beljiyam da Holan da Luxembourg. Daga nan aka samu kasuwar bai-ɗaya a 1957, sai Tarayyar Turai a 1993, sai kuɗin yuro.

Yau Majalisar Dokokin Turai a Strasbourg take zama, babban birnin Alsace ɗin da aka yi ta zubar da jini a kansa, kuma tun 2017 jirgin ƙasa na cikin gari yake tsallaka kogin Rhine daga can zuwa garin Kehl na Jamus. Babu wasu mambobin tarayyar biyu da suka taɓa yaƙar juna, abin da ya sa aka ba ta kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2012.

Sai dai akwai masu cewa ana ba ta yabon da ba nata ba. A ganinsu, abin da ya zaunar da Turai lafiya shi ne ƙungiyar tsaro ta NATO da aka kafa a 1949, da dubban sojojin Amurka da aka girke a Jamus, da tsoron Tarayyar Sobiyet da ya tilasta wa tsofaffin abokan gaba haɗa kai. Suna ƙarawa da cewa Switzerland da Norway ba sa cikin tarayyar, kuma babu wanda ke tsoron za su auka wa maƙwabtansu.

Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da giɓi. Girka da Turkiyya duka sun shiga NATO a 1952, hakan bai hana su kaiwa bakin yaƙi a kan tsibirin Cyprus a 1974 ba, kuma a 1996 saura ƙiris su gwabza a kan wasu duwatsu biyu a teku da babu kowa a kansu. NATO tana kare mambobinta daga maharin waje. Ba ta da kotun da za ta raba rigimar kifi ko haraji ko ruwan kogi tsakanin 'ya'yanta, kuma irin waɗannan rigingimu ne ministocin tarayyar da alƙalanta ke kashewa kowane mako tun ba su girma ba.

Inda haɗarin yake

Da wuya a samu mai nazari da ke tsammanin tankokin Jamus za su nufi Paris washegarin rushewar tarayyar. Haɗarin yana kan iyakokin da tarayyar ta sa aka manta da su, domin ba warware tsofaffin rigingimun ƙasa ta yi ba, rage musu muhimmanci ta yi. Idan mutum zai iya tsallakawa ya yi aiki ko ya yi aure ko ya sayi gona ba tare da an tambaye shi takarda ba, ba zai damu sosai da inda aka ja layi a taswira ba.

Ireland ce ta fi nuna hakan. Rikicin Ireland ta Arewa, tsakanin masu son zama a Birtaniya waɗanda galibinsu 'yan Furotesta ne da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland waɗanda galibinsu 'yan Katolika ne, ya ci rayuka kusan 3,500 cikin shekara 30. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshensa a watan Afrilun 1998 ta samu gindin zama ne saboda ƙasashen biyu suna kasuwa ɗaya: babu kwastam, an kuma janye shingayen soja, iyakar mai tsawon kusan kilomita 500 da mashigai fiye da 200 ta zama kamar babu ita.

Da 'yan Birtaniya suka zaɓi ficewa a ƙuri'ar raba-gardama ta 23 ga Yunin 2016, da kashi 52 cikin 100, sai maganar iyakar ta dawo sabuwa, duk da cewa kashi 56 na mutanen Ireland ta Arewa sun zaɓi a zauna. Dole a binciki kaya a wani wuri. Idan aka kafa shingen a kan tudu, 'yan Katolika za su ga an sake raba tsibirinsu, kuma 'yan sanda sun yi gargaɗin cewa 'yan bindiga za su iya kai wa shingayen hari. Sai aka mayar da binciken tashoshin ruwa, tsakanin Ireland ta Arewa da sauran Birtaniya, su kuma 'yan Furotesta suka ga an yanke su daga ƙasarsu.

A watan Afrilun 2021 matasa suka shafe darare suna jifan 'yan sanda da bama-baman fetur, aka ƙona motar bas a Belfast. Gwamnatin haɗin gwiwa ta yankin ta tsaya cik daga Fabrairun 2022 zuwa Fabrairun 2024. Yaƙi bai dawo ba, amma an kwashe shekaru ana tattaunawa kafin a samu mafita a kan iyaka guda ɗaya, bayan ficewar ƙasa guda ɗaya wadda ta bi ƙa'idar fita da ke rubuce a yarjejeniyar tarayyar.

Irin wannan tabo yana nan a wurare da dama. Yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta raba Hungary da kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, kuma har yau akwai 'yan ƙabilar Hungary kimanin miliyan ɗaya a Romaniya da wasu dubban ɗaruruwa a Slovakia. A 2022 Firaminista Viktor Orban ya rataya wani gyale mai taswirar tsohuwar babbar Hungary a wurin kallon ƙwallo, nan take Romaniya da Yukren suka nuna fushinsu. Gyale kawai ke nan, a lokacin da Hungary da Romaniya ke zama a teburi ɗaya a Brussels.

Abin da ya faru a Gabashin Afirka

Ana yawan kawo misalin Yugoslabiya, inda yaƙin Bosniya kaɗai ya ci rayuka kusan 100,000, ko Czechoslovakia da ta rabu gida biyu a 1993 ba tare da an zubar da jini ba. Amma waɗannan ƙasashe ne guda da suka tsage. Misalin ƙungiyar ƙasashe masu cin gashin kansu da ta rushe gaba ɗaya yana Afirka.

A 1967 Kenya da Tanzaniya da Yuganda suka kafa Ƙungiyar Gabashin Afirka mai hedikwata a Arusha. Ta wasu fuskoki ta fi Turai ta wancan lokaci haɗewa, domin kamfanin jirgin sama ɗaya suke da shi, hukumar jiragen ƙasa ɗaya, tashoshin ruwa da gidan waya duk na tarayya, har da kotun ɗaukaka ƙara.

Juyin mulkin Idi Amin a Janairun 1971 ne ya fara kashe ta. Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya ya ƙi zama da Amin, don haka majalisar shugabannin uku, wadda ita ce ƙololuwar ƙungiyar, ba ta sake haɗuwa ba. Tanzaniya da Yuganda kuma suna ƙorafin cewa Kenya ce ke kwashe ribar kasuwar. A farkon 1977 kamfanin jirgin saman ya durƙushe, kowace ƙasa ta riƙe abin da ya faɗo hannunta na jirage da taragai, Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya, ba ta buɗe ba sai 1983.

A watan Oktoban 1978 sojojin Amin suka mamaye yankin Kagera na Tanzaniya. Nyerere ya mayar da martani, kuma duk da dakarun da Libiya ta aika wa Amin, birnin Kampala ya faɗi a watan Afrilun 1979.

Ba za a ce rushewar ƙungiyar ce ta haddasa yaƙin ba, gabar Amin da Nyerere ta girme ta. Abin da za a iya cewa shi ne lokacin da rigimar ta kai maƙura babu sauran zauren da ya haɗa su, babu kuma wata dukiyar tarayya da ɗayansu zai ji tsoron asararta. Rabon kadarorin ƙungiyar bai kammala ba sai 1984, kuma sai a shekara ta 2000 aka sake farfaɗo da ita.

Gwajin da ake yi a Afirka ta Yamma

Mazauna Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ba sa buƙatar a ba su labarin Ireland. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Ecowas ta yi barazanar amfani da ƙarfin soja, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma katse wutar lantarki, kuma dangi da 'yan kasuwa a kan iyakar mai tsawon kusan kilomita 1,500 suka ɗanɗana kuɗarsu har zuwa Maris na 2024. A nan ƙungiyar da kanta ce ta kusa zama silar yaƙi, abin da ke nuna cewa zama a inuwa ɗaya ba ya hana rigima idan shugabanni suka ja daga.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa a ranar 29 ga Janairun 2025, suka kama tasu ƙungiyar ta AES. Kafin nan, a Disamban 2024, Janar Abdourahamane Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula ƙasarsa, zargin da Abuja ta musanta. A Maris na 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram a yankin Tafkin Chadi.

Ranar da ficewar ta tabbata, Ecowas ta sanar da cewa za ta ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su shiga su fita ba tare da biza ba, kayansu kuma su ci gaba da cin moriyar tsarin kasuwancin ƙungiyar. Sanarwar ta ce wannan sassauci na wucin gadi ne, har zuwa lokacin da ɓangarorin biyu za su daddale yadda za su yi hulɗa nan gaba.