Cittar Kafanchan A Cikin Shayin Tailan

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Fatakwal ko Inugu zuwa gida a zamanin da jirgi yake jirgi, ya san Kafanchan. Nan ne hanyar dogo ta rabu biyu tun wajen 1927, reshe ɗaya ya yi Jos, ɗaya ya miƙe Kaduna. Amma ko wanda bai taɓa taka garin ba, in dai yana shan shayi a Agege ko Idi-Araba, ko a Sabo ta Badun, to ya ɗanɗani albarkar ƙasar, domin yawancin cittar da ake jefawa a tukunyar mai shayi daga can take, watau daga gonakin Jama'a da Jaba da Kachiya da Kagarko.

Iri biyu manoman suka fi shukawa. Akwai Tafin Giwa, mai kauri da ɗorawar tsoka, akwai kuma Yatsun Biri, siririya, wadda ta fi yaji. Ana shuka ta da farkon damina, a tone bayan ruwa ya ɗauke, a fasa, a shanya a rana kafin a ɗura a buhu. A daminar 2023 wata cuta mai ruɓar da saiwa ta auka wa gonakin. Manoma da yawa ko irin shuka ba su tsira da shi ba, har Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a kan lamarin a 2024. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, kuma matan aure da masu shayi na Kurmi sun ji a jikinsu kafin ma labarin ya iso su.

To, ga wata hanya da ɗan yatsan citta guda zai ƙamsasa abin shan mutum huɗu. Mutanen ƙasar Tailan, waɗanda zafin garinsu bai bar na Ikko ba, ba su yarda cewa sai da tururi ake shan shayi ba. Sukan dafa baƙin ganye ya yi ƙarfi ƙwarai, su tace da ƙyalle, su zuba madara mai kauri mai zaƙi, su juye a kan ƙanƙara. Launin lemo da ake gani a nasu, rinin abinci ne kawai da ake haɗawa a ganyen, ba ya ƙara daɗi, ba kuwa sai an neme shi ba. In aka markaɗa wannan shayi da askirim har ya yi kauri kamar fura mai kyan damu, an sami abin da ake sayarwa da tsada a manyan gidajen abinci.

A gida ga yadda za a yi. A ɗora ruwa kofi uku, a daddaka citta ɗanya kamar tsawon babban yatsa, a jefa tare da kanumfari uku ko huɗu, a bari su tafasa minti biyar. Sannan a sauke, a zuba ganyen shayi babban cokali huɗu, a rufe minti biyar kuma. Ganyen Mambila na Jihar Taraba ya wadatar. Dole shayin ya fi na safe ƙarfi nesa ba kusa ba, domin madara da ƙanƙara za su kashe masa kaifi, in kuwa aka yi shi salam-salam, ruwan madara kawai za a sha.

Wajen cittar nan ne mutane suke yin asara. Ɗanyar citta tana da wani sinadari mai tsinka madara, har ma a kudancin ƙasar Sin da gangan suke zuba madara mai ɗumi a kan ruwanta don ta daskare su ci da cokali. Tafasa ita ce take kashe wannan sinadari. Saboda haka wanda ya yi ƙyuya ya goga ɗanya kai tsaye cikin madara, kada ya zargi mai kanti. Busasshiya kuwa ta fi yaji, rabin ƙaramin cokali na garinta ya isa.

In an tace, a zuba madara mai kauri cokali huɗu tun da ɗumi, a motsa, a bari ya huce sarai, sa'an nan a sa a firji. Mai na'urar markaɗe sai ya haɗa shayin da askirim ludayi uku da ƙanƙara kaɗan, ya markaɗa kamar rabin minti. Wanda ba shi da ita, ko aka ɗauke masa wuta, abin da ba baƙo ba ne, maburgi yana nan. A zuba madarar gwangwani rabi a madadin askirim, a burga a kwano mai zurfi har ya yi kumfa, kamar dai yadda matan Fulanin Ladduga suke burga nono. Kindirmo kam a bar shi ga fura, tsaminsa ba ya shiri da shayi.

Sai batun ƙanƙara. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa, kuma ƙanƙarar da ake turawa a baro don sanyaya lemon kwalba ba wanda ya san rijiyar da ta fito. Wanda zai ba 'ya'yansa, ya daskarar da tafasasshen ruwa da kansa. Abin da ya rage kuma kada ya kwana a waje.

Ga mai shayi kuwa akwai lissafi. Teburinsa yana cika da asuba da kuma bayan magariba, amma daga hantsi zuwa la'asar benci yake gadi, alhali a lokacin ne masu dako da direbobi suke neman abin da zai jiƙa maƙoshi. Ganye da madara da citta duk suna gabansa. Abin da zai ƙara shi ne kula mai riƙe sanyi da ƙanƙara mai tsabta, sai kuma haƙurin amsa tambayar waɗanda za su leƙa kofi su ce, "Malam, wannan kuma shayi ne ko kunu?"