Imet Gogo: Inda Ƙasa Ta Yanke

Yau shirin namu ya nufi arewacin ƙasar Habasha, zuwa gandun dajin tsaunukan Simien, kuma ba za mu tsaya ba sai mun kai wata gaɓar dutse da ake kira Imet Gogo, mai tsayin mita 3,926 daga doron teku.

Daga garin Debark ake tashi, kimanin kilomita 100 arewa da birnin Gondar. A nan ofishin gandun yake, a nan ake biyan kuɗin shiga, a haɗa baƙo da ɗan rakiya mai bindiga, don ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai. Alfadarai ke ɗaukar kaya. Masu zuwa da ƙafa kan kwana a zangon Geech, inda sanyin dare kan sa raɓa ta daskare a kan ciyawa. Wanda yake ganin ya san hunturun Jos, to ya ƙaro bargo.

Da sassafe ake kama hanya. Tafiyar kamar ta awa biyu ce a fili mai ciyawa, amma iskar can sama ba ta cika huhu, taku kaɗan sai haki. Ana cikin tafiya sai ƙasa ta soma tsukewa, dama rami, hagu rami, har ta rage 'yar siririyar hanya a kan dutse. Daga nan kuma sai ta yanke.

Mai sauraro, ta ɓangare uku babu komai sai sarari. Gajimare na ƙasa da ƙafarka. Can nesa ga kawunan duwatsu tsaitsaye kamar rumbuna, ragowar aman wutar da aka yi kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce, ruwa ya yi ta zaizayewa har ya bar su haka. A wasu wuraren gangaren ya kai mita 1,500. Mutum ya tsaya nan, ba sai an ce masa ya yi tasbihi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, wannan gaɓa da ke sa ɗan Adam jiri, ita ce makwancin wasu bayin Allah. Birin da ake kira gelada, mai jan tabo a ƙirji, yini yake a zaune yana tsinkar ciyawa da yatsu kamar mai tsince shinkafa. Rana na faɗuwa sai garken ya gangara, ya kwana a 'yan matattakalar jikin dutsen inda kura da damisa ba sa iya kai masa. Akwai kuma wata ungulu mai gemu da ke ɗaga ƙashi sama ta sako shi kan dutse, ya fashe ta haɗiye har da ɓargon.

Sai akuyar dutse, waliya, wadda duk duniya babu ita sai a Simien. Ita ce babban dalilin kafa gandun a 1969, kuma a 1978 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na farko da ta yi wa rajista. Noma da kiwo suka matsa masa, har a 1996 aka ce yana cikin haɗari, ba a cire shi daga wannan jeri ba sai 2017. Kafin nan, a 2016, an tashi mutanen ƙauyen Geech, manoman sha'ir, aka mai da su Debark. Barin gonar gado ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata mai ɗaukar hoto a Imet Gogo ya manta da su ba. Duk da cire gandun daga jerin haɗari, waliyar da ta rage 'yan ɗaruruwa ce kawai.

Wanda Allah Ya nufa da zuwa, ya bari damina ta ɗauke, daga watan Oktoba, lokacin da sama ke washewa. Ya hau a hankali, ya bi maganar ɗan rakiyarsa, kada kuma ya jefa wa birai abinci.