Shin Ko Kun San? Citta Mai Yatsu

Shin ko kun san citta ba saiwa ba ce? Kara ne da ke kwance a cikin ƙasa, shi ya sa in aka manta da ɗanya a gindin randa sai a tarar ta yi tsiro. Asalinta kudu maso gabashin Asiya, kuma danginta ɗaya da kurkum da citta mai ƙwaya. Larabawa na ce mata zanjabil, sunan da ya zo a Suratul Insan, aya ta 17, cikin abin shan 'yan Aljanna.

Ko kun san busasshiya ta fi ɗanya zafi? Sinadarin da ke ba ɗanya yaji sunansa jinjarol. In aka shanya ta, wani sashensa ya rikiɗe ya koma shogawol, wanda ya fi shi yaji kusan ninki biyu. Don haka mai haɗa yajin jego ba ta yi kuskure ba da ta nufi busasshiya, ta daka ta da kanumfari da masoro da kimba.

Inda citta ta fi nuna bajinta kuwa, ciki ne. Tana taimaka wa abinci ya bar tumbi da wuri, tana kuma kwantar da tashin zuciya. Gwaje-gwajen likitoci sun nuna cewa kimanin giram 1 a rana, wato kusan rabin ƙaramin cokali na gari, yana rage wa masu sabon ciki tashin zuciyar laulayi. Haka 'yan mata masu fama da ciwon mara lokacin al'ada, da yawa kan samu sassauci in suka fara sha a kwanakin farko. Mura fa? Shayin citta da zuma da lemun tsami na ɗumama jiki, ya lallashi maƙogwaro, amma mura sai ta cika kwanakinta. Masu lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa cewa citta na tumɓuke ciwon suga da hawan jini, ku saurare su da kunne ɗaya. Kada wanda ke shan magani ya ajiye shi saboda su.

Sai dai citta tana da ranar ɓaci. In ta yi yawa ta kan tayar da ƙwannafi, kuma mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya tuntuɓi likita kafin ya mai da ita abin shan kullum.

Shin ko kun san Najeriya na sahun gaba a duniya wajen noman citta, kodayake Indiya ce kan gaba? Cibiyarta kudancin Kaduna: Kachia, Jaba, Kagarko, har Kafanchan. A daminar 2023 wata cuta ta ruɓar da gonakin yankin, farashi ya yi tashin gwauron zabi, har masu zoɓo da kunun zaƙi suka koma auna ta da yatsa.