Su a Bakin Teku: A San Wuri Kafin a Jefa Fatsa

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kilomita 853, tun daga yammacin Badagiri har zuwa inda Kogin Kuros ya faɗa teku a kudancin Kalaba. Tsakanin nan akwai bakunan koguna da yawa, irin su Forkados da Boni, inda ruwan daɗi ke gamuwa da ruwan gishiri, kifi kuwa yakan taru a wurin. Saboda haka masunta da masu fatsa, har da waɗanda suka koyi su a Kwara ko a Gulbin Kabi, sukan kutsa lunguna masu nisa don neman inda ba a cika damun kifi ba. To, sai a lura: kogi yakan cika ya janye bisa ga damina da rani, amma teku cikin sa'o'i take sāke hali.

CIKA DA JANYEWA

Ruwan teku yakan cika sau biyu, ya janye sau biyu cikin dare da yini. Tsakanin janyewa da cika akwai wajen awa 6, kuma kullum lokacin yakan jinkirta da kamar minti 50. Watau idan ruwa ya gama janyewa yau da ƙarfe 10 na safe, zai cika wajen ƙarfe 4 na yamma, gobe kuwa sai dab da ƙarfe 11 zai gama janyewa. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. A Ikko ruwan yakan hau wajen mita 1, amma a Kalaba yakan kai mita 3. Tudun yashin da mutum ya tsaya a kai da hantsi yana iya nutsewa kafin la'asar, kuma sau da yawa hanyar komawa ce take fara shafewa.

YADDA AKE DUBA SABON WURI

Tafiyar farko ta dubawa ce, a bar kayan su a gida. A je da rana, lokacin da ruwa ya janye, don a ga ramuka da kututtura da inda laka take. A dubi jikin itatuwa, domin shatar da ruwa ya bari ita ce ke nuna iyakar cikarsa. A riƙa gwada ƙasa da sanda, gama lakar dazuzzukan bakin teku tana iya riƙe mutum har gwiwa alhali ruwa yana tahowa. A gaida shugaban masuntan wurin, a nemi izini, a tambayi inda ake gudu. Matambayi ba ya ɓata.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Kada kowa ya tafi shi kaɗai. A faɗa wa mutanen gida inda aka nufa da lokacin dawowa. A sa rigar ceto tun kafin a shiga kwalekwale, ko da an iya ruwa. A ɗauki ruwan sha da tocila, a ƙulle waya cikin leda. Kada a ba teku baya, kada kuma a kusanci bututun mai.

Bakin kogi ya fi haɗari sa'ad da ruwa mai janyewa ya yi karo da raƙuman teku, musamman daga Yuni zuwa Satumba. A farkon damina hadari yakan taso ba zato, da hunturu kuma hazo yakan ɓoye gaɓa. Sai a saurari hasashen yanayi a rediyo kafin a fita.

Wanda igiyar ruwa ta ja shi zuwa tsakiyar teku, kada ya yi kokawa da ita. Ya natsu, ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa har ta sake shi, sa'an nan ya nufi tudu.

Wanda ya karanta wannan takarda ya taimaka ya bayyana wa abokan sana'arsa abin da ke ciki.