Ba Kullum Ne Laifin Sabis Ba: Inda Kuɗi Ke Maƙalewa a Hanya

A ranar kasuwa a Batsari, rumfar mai POS na cikin wuraren da suka fi cika. Mai hatsi ya sayar, mai awaki ya sayar, kowa na jiran a tura masa ko a ciro masa. Sai na'ura ta tsaya tana ta juyi, can ta tofo takarda cewa bai wuce ba. Mai rumfa ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, sabis ne." Dattijo ya koma gefe ya zauna, alhali tuni wayarsa ta yi ƙara an cire kuɗin.

Mutanen wannan yanki suna da hujjar yarda da wannan uzuri. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, don a toshe wa 'yan bindigar dajin Rugu hanyar sadarwa. Aka yi watanni sai mutum ya biya kuɗin mota kafin ya ji muryar ɗansa. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa babu sabis ba zai yi musu ba. Amma sau da yawa sandunan waya a cike suke, saƙon WhatsApp na shiga, kuɗi ne kawai suka ƙi tafiya. A nan matsalar ba ta Batsari ba ce, tana can cikin wata kwamfuta a Legas ko Turai.

Manhajar da ke cikin waya ba ta ajiye ko kwabo. Saƙo take aikawa ga sabar kamfani, wato kwamfutarsa, ita kuma sabar ta tambayi rumbun bayanai, inda aka rubuta sunan kowa da abin da ya mallaka. Da yawa daga cikin sabobin yau da harshen JavaScript ake rubuta su, bisa Node.js da Ryan Dahl ya fitar a 2009, rumbun kuma sau da yawa PostgreSQL ne ko MySQL. Tsakanin biyun nan akwai wani layi da mai waya ba ya gani, kuma buɗe shi aiki ne: sai sun gaisa, sai an tantance kalmar sirri, sai an shirya ɓoye abin da za su faɗa. PostgreSQL ma sabon ma'aikaci yake tayarwa a cikin kwamfuta saboda kowane layi. Shi ya sa yake zuwa da iyakar layuka 100 in ba a canza ba, MySQL kuma 151.

Dabarar da aka samo ita ce a buɗe layuka kaɗan a ajiye, ana ara ana mayarwa. Kamar rijiyar unguwa ce mai guga goma: ka ɗauka, ka ja ruwanka, ka ajiye wa na bayanka. Goma ɗin nan ba ƙage ba ne, shi ne adadin da pg, manhajar da masu Node.js suka fi haɗa PostgreSQL da ita, take farawa da shi. Kuma ya isa matuƙa. Idan tambaya ɗaya na cin kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, layi ɗaya zai sallami mutum 50 a daƙiƙa, goma su sallami 500.

To ina ake samun cikas? Mafi yawa daga rashin mayarwa ne. Mai rubuta manhaja ya tsara cewa a ari layi, a yi aiki, a mayar. Bai tsara abin da zai faru ba idan aikin ya lalace a tsakiya. Kuskure ya auku, manhaja ta tsallake ta wuce, layin ya tafi ke nan. Kowane kuskure ya ci ɗaya, har goman su ƙare. Alamarsa ba ta ɓuya ga wanda ya sani: da safe komai lafiya, zuwa azahar abu ya fara nauyi, da la'asar ya tsaya cik, in an kashe an kunna ya dawo garau. Abin da ya ƙara muni, pg ba ta zuwa da wa'adin jira. Idan ba a sa mata ba, buƙatar da ta rasa layi za ta yi ta jira ba iyaka, ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Juyin nan da ake kallo a fuskar na'ura, wani lokaci shi ke nan. Gyaran bai wuce layi biyu na rubutu ba: a sa umarnin mayarwa a inda dole ya gudana ko aiki ya yi ko bai yi ba.

Dalili na biyu ya fi shafar mu. Tura kuɗi zuwa wani banki yana bi ta NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankuna, kuma amsar wancan ɓangare na iya jinkiri. Idan mai manhaja ya riƙe layin rumbu yana jiran amsar, kuma jiran ya kai daƙiƙa 30, layuka goman da ke sallamar mutum 500 a daƙiƙa sun koma sallamar mutum 20 a minti. Sai raunin sabis ya zo ya ƙara. Saƙon mutumin Safana ya isa, amsa ce ta ɓace a hanyar dawowa. Shi bai sani ba, sai ya sake dannawa, ya kuma dannawa. Kowace dannawa sabuwar buƙata ce a bayan dogon layi, kuma idan ba a yi hattara ba a cire masa sau biyu. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Haƙƙin mai manhaja ne ya ba kowane ciniki lambarsa ta kansa tun daga waya, yadda ko sau nawa ta iso, sabar za ta gane abu ɗaya ne. Ya kuma rubuta "ana jira" a rumbu, ya saki layin, in amsa ta zo ya sake ara.

Akwai kuma layin da ya mutu a ajiye. MySQL na yanke wanda ya yi awa 8 ba aiki, na'urorin tsaro na tsakiya kuma sukan yanke tun kafin haka ba tare da sanarwa ba. Mai cinikin farko da asuba shi ke cin karo da shi, injiniya ya ga ECONNRESET a rajista. Idan ECONNREFUSED ya gani, rumbun ne a kashe ko an yi kuskuren adireshi. ETIMEDOUT kuwa hanya ce a toshe.

Da abu ya cushe, hannu kan yi saurin zuwa ga ƙara adadi, kuma nan ake yawan faɗawa rami. Kamfani mai sabar 10, kowace da layi 20, yana neman 200 ke nan daga rumbun da ke karɓar 100. Ko an ɗaga iyakar, rumbun da aka yi wa yawa raguwar gudu yake yi. Abin da ya dace shi ne a fara buɗe pg_stat_activity na PostgreSQL, a ga wane layi ne ke aiki, wane ne ya buɗe ciniki ya zauna shiru. Idan da gaske sabobi ne suka yi yawa, a sa PgBouncer a tsakani ya riƙa rarraba musu kaɗan ɗin da ke akwai.

A farkon 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya ƙarar da tsabar kuɗi, jama'a suka koma waya gaba ɗaya, manhajojin bankuna suka riƙa durƙushewa. Mai tumatir da bai taɓa buɗe asusu ba ya buɗe, kuma bai koma baya ba. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 a maƙwabtan Safana, su ne za su rubuta wa irinsa manhaja gobe, ta asibiti, ta ƙungiyar manoma, ta kuɗin makaranta. Gwaji a ofis mai intanet mai ƙarfi da mutum uku ba ya nuna komai. A gwada da mutum dubu a lokaci guda, a rage gudun intanet da gangan, a katse shi a tsakiyar ciniki, sannan a ƙirga layukan da suka dawo. A kuma sa wa'adin 'yan daƙiƙoƙi, yadda in layi bai samu ba na'ura za ta faɗa wa mai rumfa a fili cewa cunkoso ne a wajen kamfani, ba a cire ko sisi ba, ya sake gwadawa bayan minti biyar.