Idan Kotu Ta Ce Ba Ta Gamsu Ba

Duk lokacin da aka kammala wata babbar shari'a, tambayar da ke bakin jama'a ɗaya ce: ya aikata ko bai aikata ba? Kotun da ke sauraron manyan laifuffuka kuwa wata tambaya take amsawa, wadda ba ta kai waccan faɗi ba: shin masu gabatar da ƙara sun kawo hujjar da ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana? Wanda ya gane bambancin tambayoyin nan biyu zai daina mamakin hukunce-hukunce da yawa da ake ta ce-ce-ku-ce a kansu.

Shari'ar O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, ta isa misali. A watan Oktoban 1995 masu taya alƙali hukunci suka wanke shi daga tuhumar kashe tsohuwar matarsa da wani abokinta. A 1997 iyalan mamatan suka yi nasara a kansa a ƙarar neman diyya, aka ce ya biya dala miliyan 33.5. Kotunan biyu ba su ƙaryata juna ba, ma'auninsu ne ya bambanta. A ƙarar diyya ya isa a ce hujjar wani ɓangare ta rinjayi ta ɗayan. A tuhumar da za ta kai mutum gidan yari ko ta ci ransa, rinjaye kawai bai wadatar ba. Saboda haka wankewa ba shaidar tsarki ba ce, hukuma ce ta kasa sauke nauyin da doka ta ɗora mata. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ma wannan ma'aunin ta shimfiɗa, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa shubuha tana kawar da haddi.

Akwai kuma shari'ar da ke ƙarewa ba kamu ba wankewa. A Amurka galibi mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari a matsayin masu taya alƙali hukunci, su saurari shaidu, sannan su keɓe su tattauna, kuma a manyan laifuffuka dole bakinsu ya zo ɗaya. In suka kasa, alƙali yakan roƙe su su sake zama, in abin ya faskara sai ya rushe shari'ar. Haka ta faru da ɗan wasan barkwanci Bill Cosby a jihar Pensilbaniya a watan Yunin 2017, bayan masu taya alƙalin sun shafe fiye da sa'o'i 50 suna muhawara kan tuhumar cin zarafin wata mace. Shari'a kan rushe kuma idan wani cikinsu ya karya ƙa'ida, ko aka furta a gabansu maganar da doka ta hana su ji, domin abin da kunne ya riga ya ji ba a iya goge shi. Rushewar ba ta wanke kowa. An sake gurfanar da Cosby a 2018, aka same shi da laifi, sai kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin a 2021, saboda wani tsohon mai gabatar da ƙara ya taɓa ba shi tabbacin ba za a tuhume shi ba, kuma bisa wannan tabbaci ya ba da shaida a wata ƙarar diyya da aka shigar a kansa.

Mai ƙorafi zai ce ai wannan ɓata lokaci ne da dukiyar jama'a: yaya mutum ɗaya mai taurin kai zai hana goma sha ɗaya yanke hukunci? Ƙorafin yana da tushe, har Ingila ta amince tun 1967 cewa ra'ayin goma daga cikin sha biyu zai iya wadatarwa. Amma tarihin Amurka ya nuna haɗarin. Jihar Luwiziyana ta soma karɓar hukuncin masu rinjaye ne a tsarin mulkinta na 1898, a zamanin da ake neman kowace dabara ta rage tasirin baƙar fata, ta yadda ko an zaɓi ɗaya ko biyu daga cikinsu, muryarsu ba za ta hana komai ba. Sai a 2020 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wannan tsari a shari'ar Ramos. Mutum ɗayan da ya ƙi yarda wani lokaci shi kaɗai ne ya saurari shaidu da kyau.

Wani ƙorafin daga ɓangaren wanda ake tuhuma yake zuwa, kuma a ganina ya fi na farko nauyi. Tsarin mulkin Amurka, kamar sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, ya hana sake gurfanar da wanda kotu ta riga ta wanke ko ta hukunta kan laifi guda. Amma da yake shari'ar da ta rushe ba ta kai ga hukunci ba, hukuma kan samu damar sake shiri bayan ta ga duk dabarun lauyan da ke kare shi. Talaka kuwa kuɗin lauyansa ya ƙare tun a zagayen farko. Abin da doka ta iya yi shi ne taƙaita ƙofar: tun 1824 kotunan Amurka suka ce alƙali ba zai rushe shari'a ba tare da yardar wanda ake tuhuma ba sai bisa larura bayyananna.

Najeriya ba ta aiki da masu taya alƙali irin na Amurka, alƙali ne ke auna shaidu ya yanke hukunci, amma ta san irin wannan ƙarshen. A watan Disamban 2019 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, shekara 12 kan almundahanar naira biliyan 7.1. A watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta soke shari'ar, domin alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, don haka ba shi da hurumin komawa ya ƙarasa ta. Magoya bayan Kalu suka yi murnar an wanke gwaninsu, masu adawa suka ce an sayi shari'a. Kotun Ƙoli kuwa ba ta ce uffan ba kan ko an ci kuɗin ko ba a ci ba. Hurumin alƙali kaɗai ta duba, a shari'ar da aka fara tun 2007.